Lamba Huɗu

An dakatar da Dakta daga koyarwa ranar Litinin da safe. Rahoton da aka dogara da shi ni na rubuta. Shi bai sani ba, gidanmu ba su sani ba, kuma ƙarshen watan nan ne manyansa za su zo wurin Abba a tsayar da maganar aurenmu.

Waɗanda yau suka fara karanta ni, bari in sa ku a hanya. Ina aiki a sashen kula da ingancin karatu na wata kwaleji da ba ta da aji ko ɗaya na bulo da siminti. Ɗalibanmu ta waya da kwamfuta suke karatu: ma'aikatan jinya, direbobi, masu shago, matan aure, duk wanda hidima ta hana shi zaman benci. Ofishinmu yana saman wani kantin tayoyi. Mu shida ne, kowa da teburinsa da abin kunnensa, ga na'urar sanyaya ɗaki tana ɗiga cikin tsohon bokitin fenti. Aikinmu biyu ne. Mu horar da malamai yadda ake koyarwa ta kyamara, sannan mu bi darussansu mu ga ko abin da aka koya musu suke yi. A rahoto ba a sa sunanmu, lamba ake sawa, kuma Darakta kaɗai ta san wa ke da wace. Ni ce Lamba Huɗu.

Dakta bai zama dakta ba tukuna, yana kan rubutun digirin. Goggo ce ta laƙaba masa, sunan ya bi shi. Ƙididdiga yake koyarwa. A wurin bitar malamai ta bara muka haɗu, ni a gaban allo, shi a kujerar farko da biro biyu a aljihu. Abu uku na nanata musu a ranar. Ka kalli idon kyamara, ba fuskarka ba. Bayan kowane bayani ka tsaya ka nemi tambaya, ka ƙirga biyar a zuci kafin ka wuce. Ka kira ɗalibi da sunansa, domin ya san ka san yana nan. Duk cikin malaman babu wanda ya ɗauke su kamarsa. Ranar rufe bita ya tare ni a matakala ya ce, "Hajiya Inganci, ni fa ina da tambaya, kuma na ƙirga biyar ɗin." Tun daga nan Inganci yake kirana.

Abba ba ya son baƙo ya kai magariba a gidansa. Ni kuma Alhamis kaɗai nake aiki daga gida, in tashi da wuri. Da aka zo maganar ranar da zai riƙa zuwa, na tambaye shi ko Alhamis da la'asar ta yi masa.

"Kamar kin sani," ya ce. "Ranar ba ni da aji."

Haka muka yi tun farkon zangon nan. Yakan zo da riga mai guga, ya zauna a kujerar da ke kusa da taga, Umma ta aiko da shayi a kofunan da ba a fito da su sai baƙon kunya. Abu ɗaya na lura da shi. Wayarsa kullum tana kan hannun kujera, fuskarta sama, murya a kashe. Jefi-jefi sai ya duba, ya rubuta wani abu gajere da babban yatsa, ya dawo da idonsa kaina. Ba zan ɓoye muku ba, mace na zarga. Har na taɓa tambayarsa wace ce ba ta iya haƙuri. Ya yi dariya ya ce, "Ɗalibai ne, Inganci. Ba sa barin mutum ya sha iska." Ashe a nan gaskiya ya faɗa.

Makon jiya Darakta ta tara mu. Mace ce da ba ta zama idan za ta yi magana, kuma ba ta cire gilashi daga saman kai sai za ta yi faɗa. Ranar ta cire.

"Ga abin da ake yayi yanzu," ta ce. "Malami ya naɗi darasinsa na bara, ya saka shi a aji kamar yana ciki, ya tafi sabgarsa. Mu ba mu hana naɗaɗɗen darasi ba, muna da su rututu, kuma suna da amfani. Amma abin da muka kira kai tsaye, dole malami yana nan da ransa. Masu ba da lasisi za su zo zango mai zuwa. Ba na so su riga mu gani."

Aka raba mana darussan da ɗalibai suka yi ƙorafi a kansu. Kwamfuta ce ke rabawa, ba mutum ba. Na buɗe nawa, sai ga fuskarsa.

Dokarmu a fili take. Idan kana da alaƙa da malamin, ka mayar da aikin a ba wani. Na san dokar, da ni aka rubuta ta. A ofis ba wanda ya san yana nemana, domin mun yarda sai an sa rana za mu faɗa. Na ɗora yatsa kan maɓallin mayarwa. Sai na ce a raina bari dai in ga minti biyar, ban taɓa ganin yana koyarwa a aji na gaske ba. Ga dalilin, babu wani. Idan kuna neman wanda ya fi wannan kyau, ba ni da shi.

Darasin ya yi kyau. Yana sanye da riga ruwan toka, bayansa kantar littattafai, hasken taga yana faɗo masa ta hagu kamar yadda na koya musu. Yana kallon idon kyamara. Ya gama bayanin farko ya tsaya.

"Akwai tambaya?"

Na ƙirga tare da shi. Biyar cif.

"Madalla. Mu ci gaba."

A gefen allon, alamar ɗaga hannu tana nan a kunne kusa da hoton wata ɗaliba. Ita ce mai ƙorafin, ma'aikaciyar jinya. Ta rubuta a akwatin saƙo: "Malam ban gane inda aka samo lambar ƙasa ba." Bai amsa ba. Can ta sake: "Malam don Allah, musayar duti na yi don in samu ajin nan." Sai amsa ta fito da sunansa, a rubuce: "Tambaya mai kyau, za mu dawo kanta." Alhali a allon hannayensa biyu suna sama yana zana da'ira a iska.

Ba a dawo kanta ba. Gab da tashi ya yi murmushi ya ce, "Maman 'yan biyu, amsarki ta yi daidai, a tafa mata." Akwatin saƙo ya cika. "Wace ce Maman 'yan biyu?" "Akwai ta a ajin nan?" Na duba. Matar ta gama karatunta tun bara.

Sai a lokacin na kalli ranar da ke saman bidiyon. Alhamis ce, da la'asar. Na tuna ranar sarai, domin ita ce ranar da Goggo ta zubar masa da shayi a wando, ya ce ba komai, turare ne. Wannan "tambaya mai kyau" daga falonmu ta fita, ta intanet ɗinmu, ina zaune ina kallonsa.

Na buɗe sauran Alhamis ɗin zangon. Duk haka suke. Nas ɗin nan ta faɗi jarrabawar tsakiyar zango, ita da kusan rabin ajin.

A nan ma ina iya mayar da aikin. Ban mayar ba. Na yi tunanin idan ya faɗa hannun wani zai yi masa rubutun wulaƙanci, gara ni in sassauta. Na zauna zan sassauta, hannuna ya ƙi. Kafin in zo kwalejin na yi aikin jarida, kuma abin da aka horar da ni a kai shi ne in rubuta abin da na gani, in bar abin da nake ji. Na rubuta ƙirgen biyar ɗin da ya wuce ta kan hannun da aka ɗaga ba a kula ba. Na rubuta saƙon da ya fito hannayensa suna sama. Na rubuta Maman 'yan biyu. Abu ɗaya na bari, inda yake a lokacin. Na tura.

Litinin da hantsi saƙonsa ya shigo.

"Inganci kina ofis?"

"Ina nan."

"An dakatar da ni."

Na rubuta "Subhanallah", na goge. Na rubuta "Me ya faru?", na goge. Na tura masa: "Ka zo gida anjima."

Kafin in koma har labari ya riga ni, domin ya riga ya kira Umma. Na tarar da falo kamar ana zaman makoki. Umma a kan doguwar kujera, ɗankwalinta ya zame bai dame ta ba. Goggo, yayar Abba, wadda ta zo yin kwana biyu tun kafin a fara zangon, har yau ba ta tafi ba, tana ƙasa a kan darduma da carbi. Shi yana kujerarsa ta taga. Rigarsa ba guga. Wayar tana aljihu.

"Yauwa, ga ta nan," Umma ta ce. "Auta, kin ji abin da mutanen ofishinku suka yi?"

"Na ji, Umma."

"Kin ji, kuma kin shigo kina tafiya kamar wadda ta dawo daga kasuwa?"

"Hassada ce," Goggo ta ce. "Yaro ya fi su iya aiki, ga shi zai yi aure. Wai me sunan munafukin?"

"Ba a sa suna, Goggo," Dakta ya ce. "Lamba Huɗu kawai aka rubuta."

"Lamba Huɗu! Ko sunan kirki ba shi da shi, kamar ɗakin otal." Ta ɗaga hannu biyu. "Allah ya isa tsakaninmu da Lamba Huɗu. Allah ya hana shi barci kamar yadda ya hana mu. Allah ya tona shi a gaban jama'a."

"Amin," Umma ta ce.

Na sunkuya ina kwance igiyar takalmi.

"Auta, ban ji amin ɗinki ba."

"Goggo, aikinsa ya yi, ko wane ne."

Umma ta juyo gaba ɗaya ta dube ni.

"Aikinsa? Ke dai wannan bakin naki na 'yan jarida shi ya kori maneminki na farko, shi ya kori na biyu. Ƙannen ƙawayenki suna kai yara makaranta. An samu mai haƙuri da ke, shi ma so kike ki tsaya kina auna shi a sikeli? Mutum yana cikin masifa, ke kina kare wanda ya jefa shi?"

"A bar ta, Umma," ya ce. "Dole ta kare 'yan ofishinsu."

Suka tashi suka ba mu wuri, amma Goggo ta bar ƙofar kicin a buɗe kamar yadda ta saba. Na zauna a kujerar da ke fuskantarsa, mayafina har yanzu a kafaɗa, jakar ofis a kan cinya. Na rage murya.

"Ka ce min Alhamis ba ka da aji."

Ya mayar da idonsa kan kafet.

"Kin karanta rahoton ke nan."

"Na san abin da ke ciki."

"To me kike so in ce? Da na ce miki ina da aji, yaushe zan gan ki? Abba ya hana dare. Asabar da Lahadi ina kan rubutuna. Na nemi a canja min lokaci, aka ce sai zango mai zuwa. Darasin nan fa nawa ne, Inganci, ba na sata ba ne. Shi ne dai wanda zan maimaita kalma da kalma. Kuma ina duba su ta waya."

"Akwai wadda ta bar dutinta don ta yi maka tambaya."

"Na sani." Ya shafa fuskarsa. "Na ga hannunta. Kullum ina ganinsa. Ina cewa mako mai zuwa zan kira ta."

Da ya yi musu, da abin ya zo min da sauƙi. Bai yi ba.

"Ka karɓa kawai," na ce. "Zango ɗaya ne. Ka sake bita, ka nemi afuwar ajin, ka yi musu darussan da suka rasa. Ana dawo da mutum, na ga an dawo da wasu."

"In koma bita? Ni da aka zaɓa in horar da sababbin malamai a zango mai zuwa? In zauna a benci ɗaya da waɗanda zan koyar? Kuma manyana su zo gaban Abba da takardar dakatarwa a aljihuna?" Ya girgiza kai. "Na ɗaukaka ƙara tun da rana. Zan ce matsalar intanet ce ta sa na saka naɗaɗɗe, ina gida ina bin su ta waya. Ba wanda zai iya cewa ba na gida."

Ya ɗago ya dube ni.

"Sai ke. Ke kuma ba za ki faɗa ba."

A kicin cokali ya daina motsi a cikin kofi.

"Abu ɗaya nake roƙo," ya ce. "Ki gano min wane ne Lamba Huɗu. Ba faɗa zan yi ba, wallahi. Zuwa zan yi in same shi kafin zaman, in roƙe shi ya sassauta. Ina zargin mai gemun nan da ke zama kusa da ƙofa, tun a bita ba ya sona. Amma ko wane ne, ya san aikinsa. Kin ga yadda ya kama ƙirgen biyar ɗin? Kamar yana cikin kaina."

Nan ne wurin da ya kamata in faɗa. Na san haka, ba sai kun rubuto min ba. Kalmomi biyu ne kawai: ni ce. Na buɗe baki, sai Goggo ta leƙo da faranti.

"Dakta, ka ci wani abu. Auta za ta binciko maka shi. In ba ta yi maka wannan ba, me za ta yi maka?"

"Zan duba," na ce.

Talata da safe Darakta ta kira ni ofishinta, ta rufe ƙofa. Gilashin yana saman kai.

"Rahotonki ya yi," ta ce. "Irinsa nake so in nuna wa masu lasisi. Malamin ya ɗaukaka ƙara, kwamiti zai zauna jibi Alhamis da la'asar, ta intanet. Kin san tsarin. A zaman ƙara lamba ba ta aiki. Mai duba zai shigo da sunansa, ya kare abin da ya rubuta, malamin ya yi masa tambayoyi."

"Ba za a iya karanta rahoton kawai ba?"

"Yau kuma? Ke kika kawo wannan dokar, kika ce ba adalci ba ne a hukunta mutum bai ga mai zarginsa ba." Ta jawo wata takarda tana dubawa. "Kowa zai kunna kyamara. Ba ma yi wa mutum shari'ar ɓuya a bayan allo mu kuma mu ɓuya. Alhamis ranar aikinki ce daga gida ko? Ki shiga daga can, ba sai kin zo ba."

Na kai ƙofa ta ce, "Af, kafin a fara shugaban kwamiti zai tambaye ki ko kina da wata alaƙa da malamin. Al'ada ce kawai, ki ce a'a a wuce."

Idan na ce a'a, na yi ƙarya a gaban mutumin da ya san ƙarya ce. Idan na ce e, rahoton ya rushe, aikina ya bi shi, nas ɗin nan ta koma inda ta fito da tambayarta. Ko wanne na zaɓa, fuskata zai gani.

Na dawo gida na tarar Umma ta sa an fitar da kafet ɗin falo ana kakkaɓewa. An janye kujerar taga an kawo ƙaramin teburin Abba, an shimfiɗa masa farin ƙyalle. A kan gadona kuma ga doguwar rigata mai ruwan zuma, wadda aka ɗinka don ranar zuwan manyansa, an goge ta an shimfiɗe.

"Wannan fa, Umma?"

"Ta jibi ce. Na ce wa Dakta ya zo nan ya yi zaman nasa. Tunda matsalar intanet zai faɗa musu, kar kuma ta yanke masa a tsakiyar magana. Tamu ta ofishinku ce, ba ta yankewa. Ni da Goggonki za mu zauna daga gefe inda ba za a gan mu ba, muna addu'a. Abbanki ma ya ce zai dawo da wuri." Ta gyara wuyan rigar. "Ke kuma ki zauna kusa da shi. Mutum yana ganin nasa a kusa, gabansa ba ya faɗuwa."

"Ina da aiki a lokacin."

"Ki ɗaga shi."

"Ba ya ɗaguwa, Umma."

"To ki yi shi a ɗakinki ki bar ƙofa a buɗe. Ni dai ina so in ga fuskar Lamba Huɗun nan da idona."

Yau Laraba. Da azahar ya turo saƙo: "Kin samo min shi?" Bayan ɗan lokaci ya ƙara: "Ko ba ki samo ba ba komai. Kasancewarki a gidan ta ishe ni." Alamar na karanta ta nuna masa. Ban amsa ba.

A kwamfutata akwai saƙo biyu da na rubuta. Ɗaya na Darakta ne, ɗaya nasa. Kowanne layi uku ne, kuma kowanne gaskiya ne. Ban tura ko ɗaya ba.

Goron gayyatar zaman ya iso, da sunana cikakke a jerin masu shiga. Ana tura wa malami nasa da safiyar ranar. Tsakanin teburina da teburin da Umma ta shimfiɗa wa farin ƙyalle bango ɗaya ne, kuma ƙofar ɗakina ba ta da makulli.